Za Mu Sa Wa Gari Wuta

Duk sa'ad da aka kawo wuta a unguwar nan, sai jikokina su kwashe da ihu kamar an yi musu albishir da kujerar Makka, kowa ya ruga neman inda zai soka salularsa. Ni kuwa sai in ja tsaki in gyara zama. Sun ɗauka tsufa ne ya sa na tsani hayaniya, ban kuma taɓa musa musu ba, don tsufan ma yana da nasa kason. Amma gaskiyar magana kalmar ce ba na son ji. Na daɗe ina ɗauke da ita, na gaji, kuma ba wanda ya rage a Arlit da zan ce masa "ka tuna?" ya ce mini ya tuna.

Garin da na tashi a cikinsa ba shi ne wannan ba, ko da yake sunan bai sake ba. Babana maƙeri ne daga Damagaram, ya biyo labarin aiki ya zo lokacin da kamfani ke ɗaukar duk mai hannu biyu, aka ba shi walda. Har yau garin ya fi zama a kunnena bisa ga idona: jiniyar canjin ma'aikata, ƙarar fasa dutse daga rami da tsakar rana wadda ke sa kwanukan uwata su yi ta kaɗawa, gurnanin manyan motoci masu zuwa daga Agadas, da guduma, kullum guduma. Gari biyu ne a wuri ɗaya. Akwai Site, inda Nasaru da manyan ma'aikata suke, da itatuwa da pampo har cikin ɗaki. Akwai mu a Bukoki, gidajen laka da kwali da tsohon kwano. Wayoyin lantarkin da ke tasowa daga Cirozerin ta bisa kanmu suke wucewa suna zuzu, ba su taɓa sauka sun gaishe mu ba. Aikina na kowace la'asar shi ne in goge ƙwan fitila da toka, in datse lagwani, in zuba kananzir ba tare da ɗigo ya faɗi ƙasa ba. Uwata takan ce ranar da na fasa ƙwan nan gara in kama hanyar Damagaram tun kafin ta gani. Yaran yanzu ko lagwani ba su sani ba. Na taɓa ambata shi gaban wata jikata, ta tambaye ni ko da miya ake cinsa.

Maƙera ba sa nisa da juna wajen aure. Mijina Ba'abzine ne, daga zuriyar da ke yi wa masu raƙuma sirdi da takobi da kayan azurfa. Dogo ne, ba ya gaggawa, in yana dariya sai dai ka gane daga idonsa don rawani ya rufe sauran. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Yakan ce mini, "'Yar Damagaram, miya ya yi gishiri," ni kuma in ce ya fara gyara ta bakinsa kafin ya zo kan ta tukunyata. Sunansa ban taɓa furtawa ba, haka aka tashe mu. Maigida nake cewa, in raina ya ɓaci in ce "kai".

Ba mu daɗe da aure ba fari ya sauko. Mutanen daji suka fara shigowa gari suna kafa tsumma a bayan Bukoki, mutanen da a da ko ruwanmu ba sa son sha don sun ce yana warin ƙarfe. Uwar mijina, da muke kira Anna, ta iso daga wajen Gugaram bisa jakin aro, da tabarmin tantinta da akuya guda wadda ta ƙarasa a ƙofar gidanmu. Wanda raƙuminsa ya mutu ba ya neman sirdi. Masu kawo azurfa a ƙera musu sai ga su suna kawo ƙerarriya a narkar. Muna cikin wannan aka ce dutsen da ake haƙowa ya faɗi a kasuwar Nasaru. Mu ba mu taɓa ganin kasuwar ba, amma faɗuwar har tsakar gidanmu ta iso. Aka shiga sallamar ma'aikata, babana na ciki, ya kwashe uwata da ƙannena ya koma gida da tari a ƙirjinsa. Ni na kafa kaskon ƙosai kusa da rumfar maigida, shi kuma ya koma yanka tsofaffin ganguna yana yin murhu da bokiti. Ba ya ƙorafi, amma dariyar idon nan ta tafi, kuma wannan ya fi yunwar ci mini rai.

A cikin wannan hali wani Bajamushe ya faɗo mana. Gajere ne, mai sanƙo, wuyansa ja kamar an yi masa ƙuna, tabarau na rataye da igiya a ƙirjinsa. Ina da wani bokiti da ya huje, na yi mita har na gaji a liƙe mini shi, maigida ya rataye shi a jikin rumfa ya manta. Ran nan da hantsi rana ta bi ta hujojin ta zubo ɗigo-ɗigo a ƙasa. Mutumin nan yana wucewa sai ya ja ya tsaya, ya tsuguna, ya zuba wa ƙasa ido har yara suka kewaye shi suna neman abin da ya yar.

"Madam, wannan na wa?" in ji shi, yana nuna bokitin.

"Nawa ne, Mushe," na ce, yadda ake kiran Nasara da Faransanci. "Yoyo yake yi."

"Kada a gyara," in ji shi. "Don Allah kada a gyara."

Na waiwayi maigida na ce, "Mutumin nan lafiyarsa ƙalau kuwa?" Maigida ya shimfiɗa masa buzu ya ɗora shayi.

Tun daga ranar bai daina zuwa ba, yara suka raɗa masa Mushe Fitila, sunan ya bi shi. Labarinsa guntu-guntu muka ji shi, wani da Hausa, wani da Faransanci, mafi yawa da hannu. An haife shi cikin babban yaƙin ƙasarsu, lokacin da aka hana ko ƙyallin fitila ya leƙo ta taga saboda jiragen sama. Uwarsa takan toshe taga da bargo, bargon kuma yana da huji, to zaren hasken da ke shigowa ta hujin nan da safe shi ne abu na farko da ya iya tunawa a duniya. Ya girma cikin kangaye, ya koyi aikin lantarki, ya shiga gidajen wasan kwaikwayo inda aikinsa shi ne ya yi safiya da maraice a cikin ɗaki, ya sa fuskar mutum ta tsufa ko ta yi ƙuruciya da fitila kawai. Daga nan ya koma zana fitilu na kantuna da tashoshin jirgi. Ni dai ban gane yadda namiji da furfurarsa zai ce sana'arsa haske ba, na kuma faɗa masa haka, ya yi dariya ya ce uwarsa ma ba ta gane ba har ta mutu. Kamfani ne ya ɗauko shi ya tsara fitilun rami da na filayen aiki, da sharaɗin kada a bar inuwa ko ina, don a inuwa haɗari da ɓarawo ke ɓuya. Ya yi musu yadda suke so, dogayen fitilu farare masu kallon juna ta kowace kusurwa. Abin ya yi kyau har aka sa ya kafa irinsu a barikin soja. Ya ce bai taɓa aikin da aka yaba masa kamar wannan ba, kuma ba ya iya ɗaga kai ya dube shi.

"Babu inuwa," in ji shi, "ido babu wurin zama."

Anna, wadda ba ta cika saka baki a maganar maza ba, ta ce wa ɗanta da harshensu Nasaran nan ya san tanti.

Da kasuwar dutsen ta faɗi aikinsa ya ƙare. 'Yan uwansa Nasaru suna ta ɗaure kaya, shi kuwa ya kama ɗaki kusa da kasuwa ya zauna. Shi da maigida, bokitina suka fara lalatawa. Maigida ya ƙara masa hujoji, amma ba barkatai ba, irin zanen da kakanninsa ke yi a goshin sirdi da kuben takobi. Suka sa 'yar fitila a ciki suka shiga ɗaki suka ja ƙofa. Da suka kira ni na shiga, sai na ga bangon lakar da na sani da tsagarsa da dattinsa ya sha ado tun daga ƙasa har rufi. Na yi niyyar in yi tsiya a kan bokitina, na kasa. Daga nan suka shiga gwangwanayen madara da na tumatir da na mai. Maigida na hudawa, Mushe Fitila na gwada nisan lagwani da bakin huji, suna gardama da harsuna uku ba wanda ke jin rabin na wani. Ƙarar guduma ta sake, ta koma 'yar ƙaramar nan mai sauri ta aikin azurfa wadda na daɗe ban ji ba. Dariyar idon ta dawo. Saboda wannan kaɗai na yafe wa Bajamushe shayin da yake shanye mana. Suka yanke shawara a daren sallah ƙarama, da an sha ruwan ƙarshe, za su rataye fitilun tun daga layin maƙera har bakin kasuwa, Bukoki ma ta ga ado sau ɗaya.

Sai dai zamanin ba na ado ba ne. Tawaye ya riga ya tashi. Samari suna ɓacewa daga unguwa, a ce sun tafi kiwo, alhali kowa ya san ba abin kiwo. Hanyar Agadas ba ta biyuwa sai da rakiyar soja. Aka kafa shingaye a mashigin gari, duk mai rawani irin na maigida sai an sauke shi an juya shi. Maƙwabtan da muke aron gishiri da juna suka fara rage murya in Anna ta shigo. Ba wanda ya ce wa wani komai, kowa dai ya fara lura da kowa.

To ga inda kalmar ta shigo. Ma'aikatan kamfani kuran suke ce wa lantarki. Mu mata da yara wuta muke cewa: an kawo wuta, an ɗauke wuta, kunna wuta. Mushe Fitila kuma ba a ofis ya koyi Hausarsa ba, a bakin kaskona ya koye ta. Shi a saninsa, duk abin da ke haskawa wuta ne. Wata rana mai shayin da ke kallon rumfarmu ya tambaye shi, "Mushe Fitila, wai gwangwanayen nan na mene ne?"

Ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa. "Ranar sallah, ni da abokina, za mu sa wa gari wuta! Duka gari. Babba wuta!"

Mutane suka faɗi ƙasa don dariya. Kowa ya gane abin da yake nufi, wannan ne ma ya sa abin ya yi daɗi. Daga ranar ya zama abin wasan kasuwa. Mahauta, masu gawayi, masu gyaran taya, duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Mushe, me za ku yi ranar sallah?" Shi kuma ya maimaita, yana jin daɗi ya sa mutane dariya a lokacin da dariya ta yi tsada.

Ni abin bai kwanta mini ba. Na ce, "Maigida, maganar nan ta abokinka ba ta da daɗin ji a wannan zamani. Ka ce masa ya riƙa cewa haske."

"'Yar Damagaram," in ji shi, "Hausa ba nawa ba ne, ba nasa ba ne. Ku masu shi kuna dariya. In ya karkace, ku miƙe shi."

Duk da haka ya faɗa masa. Bajamushe ya kaɗa kai yana "haske, haske" kamar ɗan makaranta. Washegari 'yan kasuwa suka ce wannan ba daɗi, ya faɗi ta jiya, ya kuwa faɗa musu.

Azumi ya kusa ƙarewa suka zo, da hantsi, ina kwashe wake daga jiƙo. Motar soja ta tsaya a bakin rumfa. Abin da suka tarar shi ne tarin gwangwanaye, jarkar kananzir, ƙunshin lagwani, da Ba'abzine mai rawani zaune a tsakiya. Ba su tambayi komai ba. Ɗaya daga cikinsu ya fizge rawanin a gaban jama'a. Wanda bai zauna da Abzinawa ba ba zai san nauyin wannan ba, da sun tuɓe masa riga da wando da ya fi masa sauƙi. Anna ta ja mayafi ta rufe tata fuskar don kada ta ga tasa. Masu dariyar jiya kuwa kowa ya sami abin da yake dubawa a ƙasa, mai shayi har da goge kofin da ya riga ya goge.

Na bi su bariki da goyon 'yata Fati a bayana. Sojan ƙofa yaro ne da bai kai ƙanena ba.

"Wa kike nema, Madam?"

"Maigidana. Yanzu aka kawo shi."

"Barikin nan cike yake da masu gida. Sunansa."

"Baban Fati ne. Maƙeri."

"Madam, rana na dukana. In ba ki san sunan mijinki ba ki koma gida."

Na dubi hagu na dubi dama, na ce, "Agali." Shi ne karo na farko da sunan ya fito daga bakina, kuma a gaban wanda ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce in tafi, za a neme ni. Na koma ina kuka, ni kaina ban san ko na kamun nake yi ko na sunan ba.

Mushe Fitila ya zama kamar mahaukaci. Kullum yana ƙofar bariki da tulin bayani, Faransanci na zuba, sanƙonsa na ƙonewa a rana. A ƙarshe kumandan ya ce to, a kawo kayan ya gani da idonsa. Bajamushe ya zo mana a guje yana cewa an gama, da sun ga fitilun a kunne za su gane, za mu dawo da shi tare. Na yarda da shi, don ba ni da wani abin da zan yarda da shi. Muka loda fitilun a amalanken jaki. Bokitina kawai na hana, na ce wannan nawa ne, ba inda za shi.

Ranar jajibirin sallah ce. Da aka sha ruwa aka shigar da mu filin bariki, muka ɗaura waya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan muka rataye su. Aka fito da maigida kansa a buɗe, aka tsayar da shi can nesa. Kumandan ya zauna a kujera da kofin kunu a hannu. Mutumin kudu ne, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Mushe Fitila ya bi fitilun yana kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Ya gama ya ja da baya, muka jira ado ya zubo.

Ba abin da ya zubo. Dogayen fitilun nan farare suna kunne a kanmu ta kowace kusurwa, filin fayau kamar tsakar rana. Abin da ke rataye a waya gwangwanayen madara ne kawai, masu huji, da ɗan harshen wuta a ciki yana hayaƙi.

"Mon kumandan," in ji Bajamushe, "a kashe babba fitila. Kaɗan kawai. Za ka gani."

Kumandan ya ajiye kofinsa. "Mushe, 'yan tawaye na bayan duwatsun can, kai kuma kana ce mini in kashe fitilun bariki a jajibirin sallah? Kai fa ka kafa su. Ka ce mana ko ɓera ba zai sami wurin ɓuya ba. To ka yi gaskiya."

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, kai Bahaushe ne. Ka san abin da yake nufi."

"Na sani, baiwar Allah. Tun ranar farko na sani, ni ma na yi dariya. Amma maganar ta riga ta hau sama, can kuma ba a dariya. Nasara ya yi tuntuɓen harshe, wannan an gane. Wanda ke tsaye kusa da shi da rawani, me ya hana shi gyara masa? Wannan aka tambaye ni, ni kuma ba ni da amsa."

Ba da tsawa ya faɗa ba. A gajiye yake kamar mu, kuma da ya zage ni da na fi samun inda zan ajiye fushina. Sai na ga Bajamushe ya tuɓe rigarsa, ya sauko da fitila guda ƙasa, ya duƙa a kanta ya yi mata rumfa da rigar da jikinsa. A ƙarƙashinsa zanen ya fito a kan yashi, bai fi faɗin faifai ba. Yana ta cewa, "Duba! Duba!" Sojoji suka kau da kai don kunyar ganin dattijo a haka. Mutum ɗaya ne ya duba, daga can nesa, kuma ranar ce na fara ganin murmushinsa gaba ɗaya a waje, ba rawani. Aka juya da shi ciki. Fitilun ma ba a ba mu ba, aka ce shaida ne.

Bayan sallah aka ba Mushe Fitila umarnin barin gari da rakiyar soja ta farko. Ya zo sallama ya tsaya a ƙofar gida. Anna ta fita, ni ban fita ba, kuma har yau ban ce da na sani ba. Ina jinsa ta bayan zana yana cewa, "Madam, haske. Haske." Na ce a raina, yanzu ka iya.

Abin da ya biyo baya ba labari ba ne, jira ne. Sallah babba ta zo ta wuce, wani azumin ya zagayo. In kai abinci ƙofar bariki, wani lokaci a karɓa, wani lokaci a ce ba ya nan, wani lokaci a karɓa alhali ba ya nan. Sunan da na yi shekaru ina tattali ya zama abin da nake faɗa wa kowane soja da kowane gardi har ya daina yi mini nauyi, wannan ma asara ce. Mai shayi ya taɓa aiko mini da sukari, na mayar masa. Kasuwa ta sami wani abin dariyar.

Da aka fara maganar sulhu aka sako su. Da la'asar ya shigo, da ƙafarsa, wani ya ara masa ƙyalle ya naɗa. Ba su karya masa ko yatsa ba, mutane suka yi ta cewa mu gode Allah, muka kuwa gode. Idanunsa ne suka yi ja suna zubar da ruwa. A wata rumfar kwano marar bango aka tsare su, a tsakiyar fili, ƙarƙashin fitilun nan da ba a kashewa. Ya manta yadda ake barci. In akwai fitila a ɗaki sai ya rufe fuska da hannu yana juyi. In na kashe kuma sai ya zabura ya zauna, don a can ba a ɗauke haske sai in wani abu ya faru. Muka yi rubutu, muka yi hayaƙi, muka je likita aka ba shi ƙwayoyi. Yana ta ramewa a gabana, na fara tsoron an dawo mini da shi ne don in binne.

Wata rana bayan magariba Anna ta shigo ɗakin ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba, riƙe da bokitina. Da ma na ɓoye shi a bayan buhunan gawayi don ko ganinsa ba na so. Ta ce mini da 'yar Hausarta, "Kunna shi." Na ce, "Anna, abin nan fa shi ya jawo mana." Ta ce, "Kunna shi, ɗiyata." Na kunna na ajiye a tsakar ɗaki. Zanen ya hau bango, rabi haske rabi inuwa. Maigida ya sauke hannu daga fuskarsa a hankali. Ya daɗe yana bin bangon da ido, sannan ya ce, "Huji na sama ya karkace. Na gaya masa." Ya gyara kwanciya ya sa kansa daidai inda inuwa ta faɗo. Kafin a kira isha'i yana minshari. Ni da Anna muka zauna a bakin ƙofa, ba wadda ta yi motsi don kada ya farka.

Bai sake huda gwangwani ba. Ya koma murhu da bokiti har ƙarfinsa ya ƙare, amma bai ƙara kwana ba tare da fitilar nan ba. Shekaru da yawa bayan haka wani ɗan unguwarmu da ke kai kayan azurfa ƙasashen Nasaru ya dawo da labari. Ya ce Mushe Fitila ya zama babban mutum a can, ana kiransa gari-gari ya haska gadoji da tsofaffin gine-gine, har ɗalibai gare shi, kuma an san shi da abu ɗaya: duk inda aka kai shi sai ya fara da rage fitilu. Ya ce tsohon ya gane shi a wurin baje koli, ya riƙe masa hannu ya ƙi saki, Hausar duk ta zube sai tambaya guda, "Abokina ya dawo?" Ɗan unguwarmu ya tambayi maigida me zai ce masa in ya koma. Ni na tanadi maganganu da yawa da zan aika. Maigida ya riga ni.

"Ka ce masa ina samun barci."

Yaron bai sake komawa ba, hanya ta rufe masa, saƙon yana nan Arlit tare da mu. Maigida ya rasu, Anna ta riga shi. Layin maƙera ya zama shagunan cajin salula. Bukoki ta sami lantarkin da muka yi ƙuruciya muna kallo a sama, ɗana ya ja mini waya har ɗaki ya rataya farar fitila a tsakiyar rufi, yana jiran in sa masa albarka, na kuwa sa masa. In suka yi ihunsu an kawo wuta, nakan bari su watse, in tashi in kashe tawa, in jawo bokitin daga ƙarƙashin gado.